Jima da rinin fatar jar akuya: yadda ake samun ja mai kyau

Fatar jar akuyar Maradi tana da laushi da ƙarfi, shi ya sa dukawa ke nemanta don rufin laya, gafakar Alƙur'ani, kuben takobi da kayan dokin hawan sallah. Irinta ce ake ketare hamada da ita a da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Amma ko ta fi kowace kyau, in jima ta ɓaci, aikin baduku ya tashi a banza.

Busasshiyar fata sai ta kwana cikin ruwa ta saki. Daga nan a tsoma ta cikin ruwan toka kwana biyu zuwa uku, ana juyawa safe da yamma. In ka murza da yatsa gashi ya biyo, ta yi. Kada ta zarce haka, fuskar fatar za ta saɓule. A shimfiɗa kan turmi, a kankare gashi da sauran nama da wuƙa marar kaifi sosai, a ɗauraye. Sannan a jiƙa ta cikin ruwan kashin tantabara na ɗan lokaci. Warin ba daɗi, amma shi ke fitar da toka ya sa laushi. Danna da babban yatsa: in shaidar ta zauna, fitar da ita.

Bagaruwa ce uwar aiki. A daka busassun 'ya'yanta, a fitar da ƙwallon, a jiƙa garin cikin tukunyar ƙasa ko roba. Ban da kwanon ƙarfe ko kaɗan, domin ƙarfe da bagaruwa baƙi suke haifarwa, kuma tabon ba ya fita. Fara da ruwa marar kauri, kashegari a ƙara gari. In aka fara da mai kauri, waje ya jemu, ciki ɗanye. Bayan kwana uku a yanki gefen wuya a duba. Farin layi a tsakiya na nufin da saura.

A matse, a shafa man gyaɗa kaɗan, a shanya a inuwa. Rana da iskar hunturu ƙandarar da fata suke yi.

Jan kuwa daga karan dafi yake, wato karan wata irin dawa da ake rini da shi. A daka shi, a kwaɓa da ruwan kanwa, a goga sau biyu ko uku da tsumma, ana bari ya sha. In ya yi duhu, kanwa ta yi yawa. Ruwan lemun tsami zai farfaɗo da shi. In ta bushe a goge da dutse mai santsi har ta yi sheƙi.