Yadda ake bin sawun zafin jiki a kullum ga mai ciwon gajiya mai daɗewa

Zafin jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya. Yakan sauka ƙasa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba, sannan ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa da yamma, kuma tazarar takan kai rabin digiri zuwa digiri ɗaya. Digiri 37 da kowa ya haddace ma matsakaici ne da likitan Jamus Carl Wunderlich ya wallafa a 1868, masu lafiya da yawa ba sa kaiwa nan. Shi ya sa awo ɗaya tak ba ya wadatarwa. Fasalin hawa da saukar ake nema.

Masu ciwon gajiya mai daɗewa, wato ME/CFS, sun sha kukan zazzaɓi-zazzaɓi, gumi ba dalili, sanyin hannu da ƙafa, da kasa jure zafi ko sanyi. Ƙa'idojin gane cutar da aka fitar a Kanada a 2003 sun lissafa wannan cikin alamominta. Sai dai sau da yawa mutum na jin jikinsa kamar wuta, ma'auni kuma ya nuna 36.8. Ba ƙarya yake yi ba. Abin da fata ke ji daban, zafin cikin jiki daban. Saboda haka a rubuta duka biyun.

A sami ma'aunin zafi mai batir guda ɗaya, a tsaya a kansa, a kuma tsaya a wuri ɗaya. Ƙarƙashin harshe ya fi. A cusa bakin ma'aunin can baya, gefen gindin harshe, a rufe baki har ya yi ƙara. Hammata takan ba da ƙasa da na baki da kusan rabin digiri, na goshi kuwa iskar ɗaki da gumi na ruɗa shi. Bayan ci, ko shan abu mai zafi ko sanyi, ko wanka, a dakata minti 30.

Sau huɗu a rana ya isa: da farkawa kafin a sauko daga gado, da tsakar rana, da yamma, da lokacin kwanciya. A yi mako biyu a jere. Kusa da kowace lamba a sa lokaci, yadda ake ji, maganin da aka sha, da aikin da aka yi. Kada a tashi da asuba musamman don awo, barcin ya fi lambar daraja.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bin agogon bango a manta da na jiki. Wanda ke barci ƙarfe 3 na dare ya farka da azahar, saukar zafinsa ma ta ja baya, don haka 36.1 da farkawarsa ba abin tsoro ba ne a gare shi. A rubuta lokacin barci da farkawa kullum, da su za a gwada. Farasitamol da ibufurofen suna danne zazzaɓi na wasu sa'o'i. Mace kuma zafinta yakan ƙaru da digiri 0.3 zuwa 0.5 bayan fitar ƙwai har zuwan al'ada, gara ta cika wata guda tana awo.

Idan aka ga ranar da lamba ko jin zafi ya tashi, a leƙa baya. Taɓarɓarewar jiki bayan aiki, wadda ita ce babbar alamar cutar, takan zo bayan sa'o'i 12 zuwa 48, ba nan take ba. Doguwar tsayuwar shekaranjiya na iya zama sanadin kwanciyar yau.

Digiri 38 ko sama da haka zazzaɓi ne na gaske, kada a jingina shi ga gajiyar, a je asibiti. Haka ma ƙasa da 35 idan an maimaita awo bai canza ba, ko gumin dare tare da ramewa. Yawan jin sanyi da bushewar fata da taurin bayan gida kuwa na buƙatar gwajin tayirod (sashen gaban wuya da kumburinsa ke jawo maƙoƙo) da na ƙarancin jini. Ma'aunin zafi ba ya tabbatar da ME/CFS, amma a tafi wa likita da takardar awon.