Yadda za a hana mutum ɗaya shanye sabis ɗin wayfai a shagon caji

Duk mai shagon caji a ƙauye da ya sa rauta (na'urar da ke raba intanet) yana sayar da wayfai ya saba jin "sabis ba ya ja". Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, fara gano inda cunkoson yake. Sauke kowa, ka bar wayarka kaɗai, ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, da asuba, ka sake gwadawa bayan Isha'i. In da asuba kana samun Mbps 10 (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet), da dare ya faɗi ƙasa da 2 alhali kai kaɗai ne, to eriyar garin ce ta cika, kamar yadda take yi ranar kasuwa, Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil. Maganin wannan sai ɗaga rautar sama kusa da taga, ko ajiye layin wani kamfanin. In kuwa sai mutane sun hau yake tsayawa, matsalar tana cikin shagonka.

Mbps 8 shi ne MB 1 a daƙiƙa. Wato fim mai GB 1 a kan Mbps 4 zai ci fiye da rabin awa, kuma muddin yana sauka, saƙon muryar wani ma da ƙyar zai fita.

Juya rautar, adireshin shiga yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Shiga ka duba jerin wayoyin da ke kai. In tana da wurin ƙayyade gudu, ba wa kowace waya Mbps 1. Ya isa WhatsApp da bidiyo mai 360p. Ƙananan rautocin aljihu, wato MiFi, yawanci ba su da wannan, sai dai ka rage adadin masu hawa. Ka riƙa sauya lambar sirri kullum, domin yara suna tura wa juna ita ta hoton QR.

Wanda ya fi ɓarna sau da yawa bai ma sani ba. Waya tana ɗaukar wayfai a matsayin kyauta: tana hawa sai Play Store ya fara sabunta manhajoji, Google Photos ya hau kwashe hotuna, bidiyon guruf-guruf na WhatsApp su yi ta sauka. Kashe waɗannan ukun a wayar mutum kafin ka sa masa lamba.

Fim kuwa, sauke shi sau ɗaya da tsakar dare, ka raba ta Xender, wadda ba ta taɓa data. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sayar da awa ba tare da iyaka ba asara ce. Danna *323# a layin rautar safe da yamma don ganin ragowar data, ka yanka farashi a kan abin da ake sha.