Kurakuran da masu gem ke yi wajen ƙara wa laftof ƙarfin hoto

Saurayi zai shiga shagon gyara a Gusau riƙe da HP EliteBook ko Dell Latitude 'yar tokumbo, ya ce: "Malam, a canja mini katin girafik, FIFA tana cijewa." Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi cin kuɗi. A kwamfutar tebur ana zare katin a sa wani. A laftof kuwa, galibi liƙe yake da dalma a jikin bod. Girafik irin su Intel UHD da Iris Xe ma a cikin furosesa suke, babu abin cirewa. Akwai tsarin katin laftof mai suna MXM da kamfanin Nvidia ya fito da shi a 2004, wanda ake iya zarewa, amma sai a wasu manyan injuna ƙalilan. Duk mai gyaran da ya ce zai gasa bod ya ɗora maka RTX, wato katin girafik na Nvidia, karɓi kayarka ka yi masa sai an jima.

Wasu sun ji labarin akwatin da ake sa katin tebur a ciki a jona da laftof. Gaskiya ne, yana aiki, amma galibi sai ramin laftof ɗin ya kasance Thunderbolt 3 zuwa sama, ko USB4 da ke ɗaukar wannan aiki. Ba kowane ramin USB-C ba ne; duba ko akwai alamar walƙiya a gefensa. MacBook mai M1 zuwa sama ba ta karɓarsa sam. Ga tsada, ga shi yana son wuta tsayayya, kuma katin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, musamman in da allon laftof ɗin kake wasa.

Inda na fi ganin an yi sakaci shi ne RAM. Girafik ɗin da ke cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ara. In sanda ɗaya ce mai 8GB, hanya ɗaya bayanai ke bi. Ka ƙara ta biyu irinta, hanya ta zama biyu, kuma za ka ga bambanci a GTA V da idonka. Kafin ka saya, a buɗe a ga ko akwai gurbi na biyu, kuma DDR4 ba ta shiga gurbin DDR3. Dabarar nan ta YouTube ta canja lamba a rajistar Windows don "ƙara VRAM", wato ma'ajiyar girafik, kuwa, lambar kawai take canjawa.

Sai zafi. A watan Afrilu Gusau kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Buɗe laftof ɗin da ta shekara biyu ba a taɓa ba, za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga a bakin mafitar iska, man da ke kan furosesa ya bushe ƙamas. Da injin ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Shi ya sa wasan ke tafiya sumul minti goman farko, daga nan ya fara rarrafe. A share fanka, a sa sabon man sanyaya, kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma.

Wasa da batir ma yana rage ƙarfi, haka caja mara asali. Laftof ɗin gem da ke son caja mai wat 180, in ka jona mata mai 65, ba za ta saki jiki ba.

Wani kuma yana da Nvidia a ciki amma bai ma san cewa da girafik na Intel gem ɗin yake tafiya ba. Shiga saitin girafik na Windows, zaɓi gem ɗin, ka ɗora shi a kan babban ƙarfi, sannan ka sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, daga shafin kamfanin.

In duk ka yi wannan kuma Call of Duty ta ƙi, ka sayar ka cika kuɗi ka nemi mai katin Nvidia, ko da GTX 1650 ne. Ka sa a kunna maka gem a shagon na rabin awa kafin ka biya.