Yadda ake raba kayan da aka daina amfani da su a gidan haya mai hawa

Mazauna gidajen bene a Gwarinpa da Kubwa, a Abuja, sun san abin da ake gani idan haya ta ƙare mutum ya tashi: gadon jariri, fanka, labule, kuloli, duk an jibge su kusa da durom ɗin shara. Da can baban bola ne ke kwashewa. Tun da hukumar birnin tarayya ta hana su yawo cikin gari a Janairun 2025, sai kayan su yi ta zama har ruwa ya lalata su, alhali a hawa na biyu akwai mai jego da ke neman gadon.

Mafita ita ce a keɓe wuri a cikin gidan inda za a riƙa ajiye irin waɗannan kaya, mai so ya ɗauka. Fara da kiyateka, wato mai kula da gidan, ko shugaban mazauna gidan, kada ka ajiye ko cokali kafin ya amince. Sannan ka zaɓi wuri. Ƙarƙashin matattakala ya fi ko'ina, don daminar Abuja tana kaiwa Oktoba, katako kuwa ba ya son jiƙa. Ɗakin janareta ban yarda da shi ba, warin mai yana kama yadi. Tsohon tebur ya isa, kada a tara wa mutane kuɗin kafinta.

Inda masu farawa ke faɗuwa shi ne wajen ɗauka. Kawo kaya ba wuya, kowa na son ya rage tarkace. Amma wace mata ce za ta sauko da rana tsaka ta ɗauki tukunyar da kowa ya san ta Hajiyar sama ce? Gori take tsoro. Gobe yara su yi faɗa, a ce mata ai da tukunyarmu kuke girki. Shi ya sa teburin yake cika, ba mai taɓawa.

Saboda haka a ɓoye mai bayarwa da mai karɓa. Kaya su bi ta hannun maigadi, shi zai ɗauki hoto ya tura wa rukunin WhatsApp na gidan ba tare da suna ba. Mai so ya kira shi a keɓe: "Baba, a ajiye min kular nan, zan aiko bayan isha'i." Shi ke nan. Kada a rubuta wanda ya karɓa, kada a yi godiya a rukuni, kuma a daina kiran abin sadaka, don mai albashi ba zai ɗauki sadaka ba. A ce musaya. Ka roƙi wanda kowa ya san yana da hali ya fara ɗaukar wani abu a bainar jama'a, ko da littafin firamare ne, sauran za su saki jiki. Maigadin ma a riƙa ba shi na goro, aiki aka ƙara masa.

Katifa ba ta shiga, saboda kuɗin cizo. Haka magani, da tukunyar gas mai yoyo. Kayan wuta a jona a gaban maigadi, in ya lalace a manna takarda a faɗa. Tufafi a wanke a ninke.

Kowane kaya mako biyu ne. In ba a ɗauka ba, tufafi su tafi gidan marayu, ƙarfe da roba a kai panteka, kuɗin a sayi ƙwan fitilar matattakala.