Yadda Ake Shirya Wasan Tashe

Da farko, a jira watan azumi ya kwana goma, domin a lokacin ne aka saba fara tashe. Daga nan sai a zaɓi wanda za a kwaikwaya, kamar tsoho ko gwauro, a raba wa kowa aikinsa. Shiga ce ta fi cin lokaci: a liƙa wa mai fitowa a tsoho gemun auduga, a sa masa tsumma, a ba shi sanda, domin idan shigar ba ta yi ba, da wuya masu kallo su dara. A maimaita waƙa da amshi har su zauna. Bayan an sha ruwa, sai a bi gida-gida, ana yin sallama kafin a fara wasan.