Yadda za ka kai akori-kurarka filin tsere karon farko

Ba don tsere aka ƙera akori-kura ba, kowa ya san wannan. Gabanta nauyi, bayanta sakayau, ga ta zanƙalaliya kamar raƙumi. Amma duk wanda ya taɓa take totur ɗin mai silinda takwas, ya ji yadda take manna shi da kujera, ya san abin da ke ɗibar mu. Ni ma na yi nawa haukan. Shekara biyu na yi ina tsere a kan titi da dare kafin in taka filin tsere.

Wani dare muka jera a danja ni da abokina, titi shiru, ko kare babu. Kore na kawowa muka taka. Maleji ya haura 120, sai ga wata ƙaramar mota ta sako kai daga lungu ta hannun dama. Na danne birki iya ƙarfina, bayan motata ya fara watsal-watsal, na gifta ta da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. A wannan ƙiftawar ido na hango yaro yana barci a kujerar baya, kansa jingine da gilashi. Da na tsaya, ƙafata ta ƙi daina rawa, ƙaurin birki ya cika motar.

Abokina ya ce ai ba abin da ya faru. Har yau muna wannan gardamar. Hujjarsa uku ce: filin tsere da nisa, shiga sai da kuɗi, kuma ransa ne, shi ya ga damar yin kasada da shi. Biyun farko na yarda. Ta ukun ce ban saya ba. A filin tsere duk wanda ke wurin ya san abin da ya kawo shi, ya sa hannu a takarda, akwai katanga tsakaninsa da 'yan kallo, motar asibiti da masu kashe gobara suna tsaye. Uban yaron nan fa, wa ya nemi izininsa? A gudun kilomita 120 cikin awa, mota na cin mita 33 a kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu, nisan da birki ke bukata ninkuwa yake yi sau huɗu. Ka ɗora wannan lissafi kan ƙarfen da ya haura tan biyu. Tun 1951 aka gane haka a Amurka, lokacin da Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Kalifoniya don a janye samari masu tsere daga kan tituna a kai su fili mai doka.

To, ga yadda za ka fara. Ka nemi filin tseren miƙe, ka bar mai kwana-kwana tukuna. Tsawonsa rubu'in mil ne, wato mita 402, wasu filayen kuma rabin haka, mita 201. Yawancinsu suna ware ranar gwaji da kowa zai iya shiga da motar da yake zuwa aiki da ita. Ka kira su tun da wuri ka ji dokokinsu. Ka tambayi kamfanin inshorarka ma, don yawancin inshorar titi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a tsere, gara ka sani tun kana gida.

Kwana ɗaya kafin ranar, ka durƙusa gaban tayoyinka. A jikin kowace akwai harafi bayan lambobi, shi ke faɗin iyakar gudun da za ta ɗauka: Q kilomita 160, S 180, T 190. Tayoyin akori-kura da yawa don kaya da laka aka yi su, harafinsu na ƙasa-ƙasa ne. Ka duba notikan taya ɗaya bayan ɗaya, ka girgiza batir ka tabbata a ɗaure yake, ka leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga. Masu duba mota a ƙofar fili abin da za su nema ke nan, kuma ɗigon baƙin mai ko ruwan lagireto ya isa su mayar da kai, don wanda zai biyo bayanka shi zai taka. Ka kwashe komai daga bayan motar da cikinta: jak, sarƙa, akwatin sifana, har robar ruwan da ke yawo ƙarƙashin kujera, wadda ba ta da aiki sai shiga ƙarƙashin birki. Ka sa dogon wando da rufaffen takalmi. A dokar NHRA, motar da ke cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka dole direbanta ya sa hular kwano. Ni ko motarka ba ta kai nan ba, ka sa.

Babbar matsalar akori-kura a layin tashi ita ce bayanta. Tayoyin baya ke tura motar, amma babu nauyi a kansu, sai ka taka su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, abokin karawarka ya yi nisa. Wani lokaci ma sifirin baya ya riƙa lanƙwashewa yana saki, taya ta dinga tsalle tana dukan kwalta, daf-daf-daf. Ka ji wannan, ɗaga ƙafa nan take. Haka ake karya farfela da aksul. Maganin farko ba ya cin ko sisi: ka taka totur a hankali har taya ta kama, sannan ka nutsa shi. Rage iskar tayoyin baya kaɗan na taimakawa. Wasu za su ce ka jefa buhunan yashi a baya. Kada ka yi. Nauyin da ba a ɗaure shi da kusoshi ba, idan ka taka birki kanka zai nufa, kuma masu fili ba za su bari ba. In motarka mai jan ƙafa huɗu ce, ka duba littafinta kafin ka sa wannan giyar a busasshiyar kwalta, don ba kowace ce ke jurewa ba.

Idan layi ya zo kanka, ka kashe na'urar sanyaya mota saboda ruwan da take zubarwa, ka ɗaga gilasai. Za ka ga wani wuri da aka jiƙa da ruwa kafin layin tashi. Na masu tayar tsere ne, suna ɗumama ta a wurin. Kai mai tayar titi ka zagaye shi, don zanen tayarka ruwa zai kwasa ya kai har layin. Ka matsa sannu-sannu har ƙananan fitilu biyu na saman sandar fitilu su kama. Daga nan ruwan ɗorawa uku za su sauko, rabin daƙiƙa tsakanin kowace, sai kore. Kada ka jira kore. Ka tashi a ruwan ɗorawa ta uku, kafin ƙafarka da motar su amsa kore ya kawo. Ka yi gaggawa kuma ja ta kama, ka faɗi tun ba ka je ko'ina ba. Ni ranar farko sai da na ga kore na tsaya ina kallonsa kamar mai jiran gaisuwa.

Bayan ka ƙetare layin ƙarshe, nan sababbi ke yin shirme. Ka saki totur, ka rage gudu a hankali, filin tsayawa na da tsawo. Kada ka yanko gaban abokin karawarka don ka fita, wanda ke ɓangaren mafita shi ke fara juyawa. Idan wani abu ya fashe a tsakiyar tafiya, ka gangara gefe ka tsaya, kada ka ja motar tana zubar da mai har ƙarshen fili.

Kada jinkirin motarka ya ba ka kunya. Akwai tsarin da kowa ke rubuta lokacin da yake ganin zai yi a gilashinsa, a fara sakin mai jinkiri da tazarar bambancin, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. A nan tsohuwar akori-kura mai daƙiƙa 17 tana iya kayar da motar da ta ninka ta ƙarfi, muddin direbanta ya san halinta. Ba sai kana da irin Dodge Ram SRT-10 ba, wadda aka sa mata injin motar gudu ta Viper mai silinda goma har ta yi kilomita 248 cikin awa a 2004. Waɗanda kake gani a gasar NASCAR ta akori-kura, wadda aka fara a 1995, su ma kamannin kawai suka ara, cikinsu kejin bututun ƙarfe ne da aka ƙera don tsere.

Filin kwana-kwana kuwa, in motarka an ɗaga ta sama, ka haƙura. Masu shirya gasa da yawa ba sa karɓar mota mai tsayi haka saboda kifewa. In ta ƙasa ce, ka fara da sauya man birki: sabon mai da aka rubuta DOT 3 a gwangwaninsa ana sa ran ya jure zafin digiri 205 na Salshiyas kafin ya tafasa, mai DOT 4 kuma 230, amma tsohon da ya sha danshi tun kafin nan yake tafasa, ka taka birki ka ji shi lakwas.

A hanyar dawowa za a miƙo maka 'yar takarda mai lambobi. Kowa lambar ƙarshe yake fara dubawa. Kai ka duba lokacin da ka ɗauka kafin ka ci nisan ƙafa 60 na farko, a nan za ka ga ko tayarka ta kama ko ta yi ta wasa. Ka buɗe bonet, ka bar injin da giya su huce kamar minti ashirin, ka rubuta iskar taya a bayan takardar, ka sauya abu ɗaya tak, ka koma layi. Kafin ka kama hanyar gida ka mayar wa tayoyin baya iskarsu.