Yadda ake koyar da ɗaliban jami'a masu koyon Turanci karatu da rubutun ilimi mai zurfi

Ɗalibi zai iya hira da Turanci ba gargada, ya ci jarrabawar shiga jami'a, amma a miƙa masa maƙala mai shafi 12 daga mujallar bincike ya tsaya cak a sakin layi na biyu. Ba ragwanci ba ne. Jim Cummins, masanin ilimin harshe biyu, ya daɗe da rarrabe harshen hira da harshen karatun ilimi, ya nuna cewa yaran da suka shiga makaranta da sabon harshe sukan iya na hira cikin kimanin shekara 2, amma na ilimi yakan ɗauke su shekara 5 zuwa 7. Malamin jami'a kuwa zango ɗaya ko biyu ke hannunsa. Hanyar da ta fi cin wannan ɗan lokaci ita ce a daina raba darasin karatu da na rubutu. Maƙalar da ɗalibi ya karanta yau, daga cikinta zai ciri kayan aikin da zai yi rubutu da su gobe.

Makon farko: a san inda aji yake

A zaɓi sakin layi biyu ko uku, kalma 300 daidai, daga littafin da ɗaliban za su karanta da gaske a fanninsu. Kowa ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da bai sani ba, sannan a karɓe takardar, ya rubuta taƙaitawa mai kalma 100 cikin minti 20, da hannu, a cikin aji.

Lissafin yana da tushe. Binciken Paul Nation ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma hakan na bukatar tushen kalma 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. A shafi mai kalma 300, kashi 98 yana nufin baƙin kalmomi 6 ke nan. Wanda ya ja layi ƙarƙashin 15 yana kan kashi 95, zai iya tafiya da taimakon malami. Wanda ya ja 30 kuwa, kalma ɗaya cikin kowace 10 ke tare masa hanya, kuma duk dabarar karatun da za a koya masa ba za ta yi aiki a kan wannan rubutun ba. Sai a sauƙaƙa masa abin karantawa tukuna. Taƙaitawar da aka rubuta da hannu a ajiye ta, domin ita ce ma'aunin ainihin muryar ɗalibin har ƙarshen zango.

Kalmomi

A shekarar 2000 Averil Coxhead ta fitar da jerin tushen kalma 570 waɗanda ke yawan zuwa a rubutun ilimi na fannoni daban-daban, kuma su kaɗai sun kai kimanin kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Jerin yana da amfani ƙwarai, amma kuskuren da aka fi yi shi ne a raba shi a ce a haddace. Ɗalibi zai haddace ma'anar "conduct" da "research", sannan ya rubuta "make a research" maimakon "conduct research". Kalma 10 zuwa 12 a mako sun isa, a ciro su daga maƙalar makon, kuma kowace a koyar da ita tare da abokan tafiyarta: aikatau ɗin da take bi, ƙaramar kalmar da ke biye da ita, da ko tana karɓar jam'i.

Karatu sau uku

Karatun farko minti 5 ne, da agogo. Take, tsakure (taƙaitawar da ke farkon maƙala), kanun sassa, jimlar farko ta kowane sakin layi, sai kammalawa. Ba ƙamus. Daga nan kowa ya rubuta jimla ɗaya: me marubucin yake so mu yarda da shi? Ɗalibai da yawa za su ƙi wannan, saboda sun saba farawa daga kalmar farko su bi layi-layi har su gaji a shafi na uku. A dage.

Karatu na biyu na bin hujja ne. A gefen kowane sakin layi ɗalibi ya rubuta aikin da sakin layin yake yi, ba abin da ya ƙunsa ba: yana kawo misali, yana sukar wani bincike, yana amsa ƙorafin da ake tsammani. Wannan ne ke buɗe wa ɗalibi ido ya ga cewa maƙala gini ce da aka tsara, kuma a nan ake kama babbar matsalar masu koyon harshe, wato ɗaukar ra'ayin da marubuci ya kawo domin ya rusa a matsayin ra'ayinsa. Kalmar "however" guda ɗaya ta wuce shi, ma'anar shafi gaba ɗaya ta juye.

Karatu na uku shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cancantar lokacin aji. A ɗauki jimla biyu ko uku masu nauyi a warware su a allo. Turancin ilimi yana da ɗabi'ar mayar da aikatau suna, ya cusa jimla guda cikin yankin suna ɗaya. Ga misali: "The rapid expansion of cities has led to a reduction in farmland." A tambayi aji: ina aikatau ɗin jimlar? Waye ya yi me? Sai a warware ta zuwa "Cities grew quickly. Because of this, there is less farmland." Bayan an warware, a mayar da aikin baya: a ba su gajerun jimloli biyu su dunƙule su zuwa ɗaya. Minti 10 a kowane darasi a kan wannan ya fi awa guda na nahawun da ba a ɗaure shi da rubutu ba, domin warwarewar tana gyara karatu, dunƙulewar tana gyara rubutu.

A wannan karatun ne kuma ake farautar kalmomin sassauta magana, irin su "may", "tends to" da "suggests". Masu koyo sukan tsallake su a karatu, sai su ɗauki hasashe a matsayin tabbas, kuma ba sa saka su a rubutu, sai da'awarsu ta fi ƙarfin hujjarsu. Haka ma aikatan kawo maganar wani. Wanda ya rubuta "shows" ya yarda da mai maganar, wanda ya rubuta "claims" ya ja da baya. A sa ɗalibai su tattara waɗannan daga maƙala ɗaya su jera su daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni.

Daga karatu zuwa rubutu

Da zarar an ce ɗalibi ya faɗi maganar marubuci da kalmominsa, abin da zai fara fitowa shi ne jimlar asali da aka canza mata kalma biyu ko uku. Rebecca Moore Howard ta yi bayanin wannan tun farkon shekarun 1990, ta ce sau da yawa mataki ne na mai koyo da ke fama da rubutun da bai gama fahimta ba. A dokar jami'a yana iya zama satar fasaha, kuma dole a gaya wa ɗalibai haka ƙarara tun makon farko. Amma tsoratarwa kaɗai ba ta magance shi. Abin da ke aiki shi ne a raba idon ɗalibi da shafin: ya karanta sakin layi, ya rubuta kalmomi 5 ko 6 na tuni, ya rufe littafin, ya bayyana wa na kusa da shi da baki, sannan ya rubuta. A ƙarshe ya buɗe ya duba ko ya karkatar da ma'ana, ya kuma saka sunan marubuci da shekara. Idan ya kasa bayyanawa da baki, matsalar ta fahimta ce, sai a koma karatu na biyu.

Haɗa madogara da yawa ya fi wuya. In ba a koya ba, za a samu sakin layi ɗaya ga kowane marubuci, an jera su ba mai magana da wani. A sa su zana jadawali: sunayen marubuta uku a sama, tambayoyi uku ko huɗu a gefe, kowane gida a cike shi da abin da marubucin ya ce a kan tambayar. Kowane layi na kwance shi ne sakin layi guda. Gidan da ya zauna babu komai ma abin faɗa ne, domin yana nuna abin da wani bai taɓo ba.

Kafin kowa ya rubuta nasa, a rubuta ɗaya tare. Masu koyar da nau'o'in rubutu a Ostiraliya sun tsara wannan mataki uku: a warware samfuri, a gina sabo tare da malami, sannan ɗalibi ya gina nasa. Matakin tsakiyar ne malamai ke yarwa saboda ƙarancin lokaci, alhali a nan ɗalibi ke jin yadda gwani ke yanke shawara, me ya sa aka zaɓi wannan kalma, me ya sa jimlar ta fara da tsohon bayani ta ƙare da sabo. Ga gabatarwar rubutun bincike kuwa, tsarin da John Swales ya bayyana a 1990 yana da sauƙin koyarwa: a nuna fagen da muhimmancinsa, a nuna giɓin da ya rage, a faɗi yadda wannan aiki zai cike shi. A ba su gabatarwa uku daga fanninsu su nemo matakan da kansu, za su kuma ga cewa ba kowane marubuci ke bin jerin daidai ba.

Gyara

A 1996 John Truscott ya yi jayayya cewa gyaran nahawu a rubutun masu koyo ba shi da amfani, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, kuma muhawarar ta daɗe. Abin da malami zai ɗauka daga ciki shi ne cika takarda da jan biro an yi ba a yi ba ne. A daftarin farko a yi magana kan hujja da tsari kawai, domin gyara nahawun jimlar da za a goge ɓata lokaci ne. A daftari na biyu a zaɓi nau'in kuskure biyu ko uku da suka fi yawa a rubutun wannan ɗalibin. Kuskuren da ke da ƙa'ida, kamar dacewar aikatau da mai aikatawa ko lokacin aikatau, a ja masa layi a bar ɗalibin ya gyara da kansa. Wanda ba shi da ƙa'idar da za a duba, kamar zaɓin kalma, a rubuta masa daidai ɗin kai tsaye. Kurakuran "a" da "the" suna daɗewa ko ga ƙwararru, kada a bari su cinye makin da ya kamata ya tafi ga tunani.

Manhajojin fassara da na ƙirƙirar rubutu sun sa tsaftar jimla ta daina zama shaidar iyawa. Saboda haka a ba da maki ga matakan aikin: jadawalin madogara, bayanan gefen shafi, daftarin farko, da ganawar minti 5 inda ɗalibi zai kare sakin layi ɗaya da baki. A maimaita taƙaitawar hannu ta makon farko a tsakiyar zango da kuma makon ƙarshe, da rubutun da tsawonsa da nauyinsa suka yi daidai da na farko, minti 20 kamar da, sannan a ba kowane ɗalibi takardunsa uku ya kwatanta su ya rubuta kurakurai biyu da zai ci gaba da bibiya a zango mai zuwa.